A Zauna Tukuna a Yi Lissafi

Karatu: Luka 14:28-30 da Yakubu 4:13-15

   Shekara ta ɗauko ƙarewa. Maganarmu ta yau kuwa ta shafi ƙungiyoyin binciken Littafi Mai Tsarki na ikilisiyoyinmu, watau na Zumuntar Mata, da na matasa, da na maza, da waɗanda ke taruwa gida-gida a unguwanni. Tambayar ita ce, mene ne za ku sa a gaba cikin shekara mai zuwa?

Makon jiya muka shiga Babbar Kasuwa ta nan Katsina domin mu auno gero da wake na hidimar Kirsimeti. Akwai wani dattijo mai sayar da hatsi, Musulmi, wanda muka daɗe muna ciniki da shi. Muka tarar da shi zaune a kan buhu, da wani tsohon littafi a cinyarsa, yaronsa yana ƙirga buhuna yana faɗa masa, shi kuwa yana rubutawa. Bayan mun gaisa muka ce, "Alhaji, yau ba ciniki, sai rubutu?" Ya yi dariya ya ce, "Fasto, in ban zauna na yi wannan ba, sai in cinye uwar kuɗi ina tsammani riba nake ci." Ya nuna mana yadda abin yake. Yanzu kaka ce, hatsi yana da sauƙi, lokacin saye ke nan. Amma kafin ya sayi ko buhu guda, sai ya san nawa ke hannunsa, nawa ke hannun mutane, nawa kuma kuɗin rumfa da na 'yan dako za su ci. Sa'an nan ne zai yanke yawan abin da zai ɗauka.

Muka koma gida muna ta tunani. Ubangiji Yesu ya ba da misalin mutum mai niyyar gina hasumiya. Kafin ya haƙa harsashi, zama yake fara yi ya lasafta ko abin da ke hannunsa zai kai shi ƙarshe, don kada ya tsaya a rabi masu wucewa su yi masa dariya. Ainihin maganar Ubangiji a wurin nan a kan tsadar zama almajirinsa ce. To, binciken Littafi Mai Tsarki ai makarantar almajirai ce. Ashe kuwa ya kamata mu ma mu zauna tukuna.

Bari mu faɗi laifinmu kafin mu taɓa na wani. A wata ikilisiyar da muka taɓa yi wa hidima, daren shiga sabuwar shekara, zuciya ta yi zafi, muka tashi gaban jama'a muka ce bana ƙungiyarmu za ta karance Littafi Mai Tsarki duka. Aka yi tafi, aka yi waƙa. Mu wajen 30 muka fara. Ba wanda ya tsaya ya yi lissafi cewa littattafai 66 ne, surori 1,189, watau sura uku zuwa huɗu kowace rana ba fashi. Farawa da Fitowa suka wuce da daɗi, gama labarai ne. Cikin Fabrairu muka faɗa Littafin Firistoci, da hadayunsa da ka'idodinsa, ba kuwa mai yi wa mutane bayani. Wanda ya yi fashin kwana uku sai ya ga sura goma na jiransa, kunya ta hana shi zuwa taro. Kafin ruwan fari ya sauka mun koma mu biyar. Abin da ya fi mana zafi shi ne wata tsohuwa, mai aminci ƙwarai, wadda ba ta iya karatu ba. Ta daina zuwa ba ta gaya wa kowa ba. Da muka je gidanta ta ce ta ga abin na masu ilimi ne. Mun ɗauko Dala ba gammo, muka kuwa kori wadda ta fi mu duka ƙishin Maganar Allah.

Saboda haka abu na fari, ku san jarinku. Shugaban ƙungiya, ka sami littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka tara mutanenka, ku rubuta gaskiya. Mu nawa ne masu zuwa kullum? Kada ku ƙirga waɗanda sunansu ke rubuce amma ba a ga fuskarsu ba tun Ista. Mutum nawa ke iya karanta Hausa? Littafi Mai Tsarki nawa muke da shi a tsakaninmu? Sa'an nan ku ƙirga makonni. Shekara mako 52 ce a kalanda, amma ba duka ne naku ba. Ku cire makon Kirsimeti da na Ista, da na taron Zumuntar Mata, da na taron matasa. In ƙungiyarku ta manoma ce, daga Yuni zuwa Satumba noma ya riƙe mutane, Oktoba da Nuwamba kuma girbi. In ta 'yan kasuwa ce, mai tsaron shago ba zai rufe da la'asar ba. A wuraren da tafiyar dare ta zama hatsari kuwa, sai a dawo da taro da rana. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Abin da ya rage bayan kun cire waɗannan, shi ne uwar kuɗinku.

Na biyu, ku ɗauki abin da za a iya ƙirgawa. In kun ce, "Bana za mu ƙara kusantar Allah," kun faɗi abu mai kyau, amma ran 31 ga Disamba da me za ku auna? Ga misalai uku, kowa ya duba wanda ya yi daidai da jarinsa.

Bishara ta hannun Luka sura 24 ce. Ayyukan Manzanni sura 28. In kun haɗa, 52 ke nan cif, sura guda ga kowane mako. Mutum ɗaya ne ya rubuta su, Luka likita, ya kuma aika wa mutum ɗaya, Tiyofilas. Za ku fara a Haikali na Urushalima da albishir na haihuwar Yahaya Maibaftisma, tsakiyar Yuni ku kai tashin Ubangiji daga matattu, Disamba kuwa ta same ku tare da Bulus a Roma. Makon da ba a sami taro ba, kowane gida ya karanta surar makon bayan abincin dare.

Ƙungiyar ƙauye wadda rani kaɗai take da shi, ta ɗauki Markus. Sura 16 ce. In kun fara makon fari na Janairu, kafin Afrilu ya ƙare kun gama, tun ba a fara sharar gona sosai ba. Kada ku raina wannan. Bishara guda da aka fahimta ta fi littattafai goma da aka bi ta kansu a guje.

Matasa masu karatu kuwa, Sabon Alkawari sura 260 ne. Ku raba da 52, za ku sami biyar. Sura guda daga Litinin zuwa Jumma'a, Asabar ta rama fashi, Lahadi ta sujada. A taron mako sai a tattauna abin da aka karanta.

Na uku, a nan ne muke so mu daɗe. Dattijon nan na kasuwa ba ya alfahari da yawan buhunan da suka shiga rumfarsa suka fita. Abin da ya saura bayan an cire uwar kuɗi, shi yake nema. Surori buhuna ne. Ribar ƙungiyar bincike kuwa mutane ne. Don haka a shafi na biyu na littafinku ku rubuta sunaye.

Ku rubuta sunan mutum ɗaya ko biyu da ba su iya karatu ba, ku rubuta kuma sunan wanda zai zauna da su, ko da rabin awa ne kafin taro. Dokta Mila ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna Zariya. Shi da abokan aikinsa, Turawa da 'yan ƙasa, suka yi ta fama da fassara, sai a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Fiye da shekara 30 ke nan na wahala domin mu ji Allah yana magana da harshenmu. Kakanninmu da yawa saboda littafin nan suka koyi baƙi da wasali, da fitilar aci-bal-bal, bayan sun dawo daga gona. Abin kunya ne a ce a zamaninmu wata uwa tana riƙe da shi a rufe, kewaye da 'ya'yan da suka gama sakandare. Kafin ta iya, a karanta kowace sura da ƙarfi a taro. Yanzu ma akwai karatun Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake saurara a wayar hannu, jikanta ya kunna mata. Ku tuna da Nehemiya sura 8. Ezra ya yi karatu a dandali tun safe har tsakar rana, amma Lawiyawa suka shiga cikin jama'a suna bayani har kowa ya gane, maza da mata. Sai da aka gane aka yi murna.

Ku rubuta kuma sunan wanda zai koyi bi da bincike. In shekara ta ƙare mutum ɗaya ne har yanzu ke magana sauran suna gyaɗa kai, ƙungiyar tana tsaye da ƙafa guda. Ran da aka yi masa canjin wurin aiki, shi ke nan. Abin da Bulus ya umarci Timoti ke nan a wasiƙarsa ta biyu, sura 2 aya 2, ya danƙa koyarwa ga amintattu waɗanda su ma za su koya wa waɗansu. Dattawanmu suna tune da Sabon Rai Don Kowa, wanda ya fara a 1963. Ƙarfinsa yana cikin ƙananan ƙungiyoyin addu'a ne na gidaje, inda manomi da tela da matar aure suka koyi buɗe baki. Ku sa a gaba cewa kafin Satumba wani sabo zai bi da taro sau uku, tsohon shugaba yana zaune yana saurara.

Na huɗu, ku riƙa buɗe littafin. Ɗan kasuwa yana da littafin bashi, ba ya kuwa jira sai shekara ta zagayo kafin ya duba. Ƙarshen Maris, da Yuni, da Satumba, ku keɓe taro guda na dubawa. Ina muka ce za mu kai, ina muka kai? Wane ne ba mu gani ba mako uku a jere? Sai dai a littafinmu, mu ake bi bashi. Wanda ya ɓace yana bin mu ziyara. Da mun buɗe littafi a Maris, da tsohuwar nan ba ta yi watanni a gida tana ganin ba ta isa ba. In kun ga kaya ya yi nauyi, ku rage, ba zunubi ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu sai karatunmu na biyu. Yakubu yana magana da fatake ne, masu shirin tafiya wani gari su shekara suna ciniki su ci riba. Bai hana su shiri ba. Abin da ya tsauta musu a kai shi ne sun manta gobe ba a hannunsu take ba, ya kamata su jingina shirinsu ga yardar Ubangiji. Mu a Katsina ba ma bukatar dogon bayani. A 2019 aka rufe iyaka, masu fatauci tsakaninmu da Maraɗi suka tsaya cik. A watan Maris na 2021 gobara ta tashi a Babbar Kasuwan nan, ta cinye shaguna masu yawa, dukiyar da aka yi shekaru ana tarawa ta zama toka a yini guda. Farkon 2023 kuma aka yi ƙarancin takardun kuɗi, mai saye da mai sayarwa suna kallon juna. Wa ya rubuta waɗannan a littafinsa na Janairu? Duk da haka, washegari 'yan kasuwa suka sake zama suka yi lissafi. Haka mu ma. Mu yi shiri da hankali, mu riƙe shi da tawali'u.

Saboda wannan ne muke roƙo ku ƙara abu guda a littafinku, watau aya 12 na haddacewa, guda a kowane wata, babba da yaro, mai karatu da marar karatu. Mun san iyalai a jihar nan, Musulmi da Kirista, waɗanda 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyukansu da dare, ba su ɗauki ko tabarma ba. Ɗan'uwan da ya gudu haka, Littafinsa yana can a ɗaki. Abin da ya haddace ne kaɗai ya tafi da shi. Wuta tana cin takarda, ɓarawo yana ɗauke waya, amma abin da ke zuciya yana nan.

'Yan'uwa, kada ku jira daren sabuwar shekara lokacin da zuciya ta yi zafi. Cikin makon nan, shugabanni, ku kira mutanenku. Shafi na fari jari, na biyu sunaye, na uku littafin da za ku bincika da ranakun dubawa. Ku kai wa Fasto da dattawa su gani, su sa albarka. A saman shafin fari kuwa ku rubuta, in Ubangiji ya yarda.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin Maganarka da ka ba mu cikin harshenmu. Ka gafarta mana alkawaran da muka yi a gabanka ba mu cika ba, da raunanan da muka bari a baya. Ka ba shugabannin ƙungiyoyinmu hikima su ɗauki abin da za su iya kai wa ƙarshe. Ka tuna da 'yan kasuwarmu, da manomanmu, da waɗanda aka raba da gidajensu. Ka ba jiharmu salama. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.