Koyar da Jami'an Alƙaluman Lafiya: Daga Aji Zuwa Intanet



An nemi in yi magana a kan aikina. Ni ma'aikaci ne a sashen ƙididdiga na ma'aikatar lafiya ta jiha. Duk ƙarshen wata kowane asibiti da ɗakin shan magani yakan cika fam: mata nawa suka zo awon ciki, yara nawa aka yi wa rigakafi, nawa ƙyanda ta kama. Jami'in ƙaramar hukuma shi ke tattarawa ya shigar a wata manhaja mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita. Da waɗannan alƙaluma ake raba magani da allurai. Ni kuwa nawa shi ne koyar da jami'an.

A da mukan tara su a babban birnin jiha har kwana biyar, da masauki da alawus. Sai ga korona. An sami mutum na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, ba a jima ba aka hana taruwa, muka koma Zoom da WhatsApp.

Ba zan ɓoye muku ba, an ci riba. Darasin da aka naɗa, mutum zai maimaita shi sau goma ba tare da ya bar ofishinsa ba. Masu zuwa don alawus kuwa, kun dai san su, da kansu suka ɗauke ƙafa.

To, amma akwai wani dattijo, sa'an mahaifina, wanda bai taɓa fashin darasi ba, bai kuma taɓa yin tambaya ba. Bayan wata uku na lura duk asibitin da bai kawo masa fam ba, sai ya cika gurbinsa da sifili. Jama'a, gurbin da aka bari fayau yana nufin ba mu ji daga gare su ba, a je a bincika. Sifili kuwa yana nufin lafiya lau, babu yaron da ya kamu da ƙyanda. Wa zai tura mota inda aka ce lafiya lau?

Da na je wurinsa na ce, "Baba, yaya aka yi?" Ashe a tsaye yake sauraronmu ta waya a bakin kasuwa, inda sabis ke kamawa, kwamfutar tana ofis babu wuta. Kuma yana jin nauyin yin tambaya a gaban 'ya'yan cikinsa. Da a aji ne, leƙawa ɗaya ta bayan kafaɗarsa ta isa. Laifina ne, domin sunansa kawai nake gani a allo ina murna.

Yanzu duk mako kowa sai ya turo mini hoton aikin da ya yi da hannunsa, kuma nakan zagaya in zauna da kowanensu. Kuɗin man zagayen bana dai har yanzu takardar tana kan teburin maigida.