Takarda Kafin Tawaga: Jawabi a Wajen Rantsar da Kwamitin Neman Ayyuka daga Gwamnatin Tarayya

 

Iyayen ƙasa, hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya ƙara sani. Shugabannin ƙananan hukumomi, 'yan majalisa, malaman makaranta, iyaye mata, manoma, masunta da makiyayan kwarin Haɗeja, barkanku da zuwa.

Mutanen da suka sha rantsuwa yanzu, babban aikin da aka ɗora musu shi ne rubutu. An saba idan buƙata ta taso a cika mota da dattawa a nufi Abuja, a yi gaisuwa, a karanta koke, a dawo da alkawari. Tawaga tana da darajarta, domin fuska tana buɗe ƙofa. Amma kowane asusu na gwamnatin tarayya yana da dokarsa, da ofishinsa, da lokacin da yake karɓar buƙata, kuma jami'in da zai sa hannu takarda yake dubawa. Garin da ya kai kokensa ofishin da ba nasa ba, ko ya kai shi bayan an rufe lissafi, sai ya jira baɗi.

A fara da makarantar firamare, tunda ita ce ta fi kusa da kowane gida. A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a 1999, dokar 2004 kuma ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai dai tallafin gina azuzuwa yana da sharaɗi: jiha ta ajiye kwatankwacin abin da take nema, ta kuma gabatar da tsarin yadda za ta kashe shi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shekara da shekaru shugabannin UBEC suna kokawa cewa biliyoyin naira suna zaune a asusu saboda wasu jihohi ba su cika wannan sharaɗi ba, alhali yara suna karatu a gindin bishiya. Saboda haka ajin da iska ta yaye wa kwano, hanyarsa ta fara daga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ta bi ta hukumar SUBEB a Dutse, ta shiga cikin tsarin jiha, kafin Abuja ta san da shi. Takardar da za ta yi tasiri kuwa ita ce wadda ta faɗi yawan ɗalibai, da yawan azuzuwan da ke tsaye, da malamai nawa ke zuwa aiki, da ko 'yan mata suna da makewayi nasu, tare da hoto da shaidar mallakar fili. Maganar makewayin nan kada a raina ta. Iyaye mata da ke zaune a nan sun san yawan 'yan matan da rashinsa ya mayar gida.

Manyan makarantu kuma asusunsu daban ne. TETFund ya samo asali daga yarjejeniyar 1992 tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i a zamanin shugabancin Attahiru Jega, aka kafa shi da dokar soja a 1993 da harajin kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni, harajin da ya kai kashi 3 a 2023. Tun daga dokar 2011 manyan makarantun gwamnati kawai yake ba wa kuɗi, irin su Jami'ar Tarayya ta Dutse, Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja da Kwalejin Ilimi ta Gumel. Mai unguwa ba zai iya neman kuɗin bincike a wurinsa ba. Malamin jami'a ne zai rubuta. Abin da gari zai iya bayarwa shi ne tambayar da za a bincika, kuma bincike mafi amfani daga koken manomi yake farawa. Tsutsar da ke huda kwanson wake ta daɗe tana cinye gumin manoman Arewa kafin masana a Samaru ta Zariya su fitar da irin SAMPEA 20-T mai jure mata a 2019.

Tambayar wannan kwari kuwa kowa ya san ta: ciyawar kacalla. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin tafiyar ruwan Kogin Haɗeja ya sauya. Hanyoyin da a da suke ƙafewa da rani suka koma riƙe ruwa duk shekara, ciyawar ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta cinye gonakin fadama da wuraren kamun kifi har zuwa Nguru. Tsuntsayen jan-baki suka mayar da ita sheƙa, daga nan suke sauka kan shinkafa da gero. Idan damina ta yi nauyi, ruwan da ya rasa hanya sai ya shiga gari, kamar yadda mutanen Auyo, Ringim da Kafin Hausa suka gani a 2022. Wannan matsala ɗaya ta shafi Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta shafi masu bincike, ta kuma shafi Asusun Kula da Muhalli da aka kafa a 1981. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne wannan asusu kashi uku ake raba shi: na tarayya, na jihohi, na ƙananan hukumomi. Ranka ya daɗe shugaban ƙaramar hukuma, kwamitin nan zai ƙwanƙwasa ƙofarka kafin ta Abuja, musamman tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Wanda kuma yake ganin gyaran madatsa ko yashe magudana zai iya jira, ya tuna da Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri.

A arewacin jihar, wajen Maigatari da Birniwa, rairayi ne abin tsoro. Jigawa tana cikin jihohi 11 da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda doka ta kafa a 2015, take aiki a cikinsu, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya. A nan kwamitin ya yi hattara da buƙatar da ta tsaya kan rabon dashe kawai. Dashen da ba rijiya kusa da shi, ba shinge, ba mai gadi, awaki ne ke cinye shi kafin bazara. 'Yan uwa a ƙasar Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da miliyoyin kadada ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon gawo da sauran itatuwa su girma a gona ana yi musu aski. Kasuwar Maigatari tana haɗa manoman ɓangarorin biyu kowace Alhamis, kuma kuɗin koyon wannan dabara bai kai na motar dashe ɗaya ba.

Maganar tsaro gajera ce amma mai nauyi. Tsarin mulki ya bar 'yan sanda a hannun tarayya, don haka caji ofis da ƙarin jami'ai can ake nemansu. Bayan sace ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, babu makarantar kwana da ya kamata ta zauna ba katanga, ba fitila, ba hanyar kiran agaji. Akwai tsarin ƙasa na samar da kuɗin kare makarantu da aka ƙaddamar a ƙarshen 2022, kuma makarantar da aka rubuta halin da take ciki ita ce za a fara tunawa da ita.

Saura ayyukan mazaɓu, waɗanda aka daɗe ana ware musu naira biliyan 100 a kasafin kowace shekara. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a bainar jama'a cewa an kashe kimanin tiriliyan ɗaya a kansu cikin shekara goma ba tare da talaka ya ga amfanin da ya dace ba, kuma a shekarar ce hukumar ICPC ta fara bin sawunsu jiha-jiha. Masu girma 'yan majalisa, wannan kwamiti mataimakinku ne. Zai kawo muku jerin buƙatun da jama'a suka zauna suka amince da su, tun tsakiyar shekara lokacin da ma'aikatu ke haɗa lissafi, kafin a gabatar da kasafi ga majalisa. Injin markaɗe da babur suna faranta ran mutum ɗaya, kuma ba laifi ba ne a ba shi. Amma inda aka ce a zaɓa, aji da rijiyar burtsatse da magudana su ne za su yi wa jikoki aiki. Bayan an sa aiki a kasafi kuma, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambayar sunan ɗan kwangila da abin da aka biya shi, kuma ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.

'Yan kwamiti, aikinku na farko shi ne zagayen mazaɓu tare da dagatai da shugabannin makarantu, a ƙirga azuzuwa, a auna wuraren da kacalla ta toshe, a ɗauki hotuna da kwanan wata. A kafe kwafin kowace buƙata a ƙofar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma, da Hausa, da boko da ajami, a kuma dawo gaban wannan taro da rahoto kafin faɗuwar damina.

Da sunan Allah, an ƙaddamar da wannan kwamiti. Allah ya yi masa jagora, ya mayar da kowa gidansa lafiya.