GANI YA KORI JI: Jawabi Ga Ɗaliban Ilmin Halayyar Ɗan Adam A Lafiya Kan Yin Bincike A Laburare



Sa'ad da aka kafa Jihar Nasarawa ran 1 ga Oktoba, 1996, aka mai da Lafiya babban birninta, babu jami'a ko ɗaya a garin nan. Yau kuwa ga Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a 2011, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustafa Agwai, ga Jami'ar Jiha a Keffi, ga kuma Kwalejin Horon Malamai a Akwanga. Kowace daga cikinsu tana da laburare, watau ɗakin ajiye littattafai da karatu. Amma gina laburare daban, iya amfani da shi daban. A kan wannan na biyu nake so in yi magana.

Ni ba masanin halayyar ɗan Adam ba ne. Aikina watsa labarai da fassara. Amma akwai wata ƙa'ida da ta haɗa sana'ata da taku, ita ce kada mutum ya rubuta magana sai ya ga asalinta da idonsa. Wanda ya je kasuwar doya ta Lafiya ba ya biyan kuɗin ƙwarya don kawai dillali ya ce masa doyar tana da kyau, sai ya je ya duba tarin, ya ɗaga, ya juya. Haka kuma malamanmu na zaure, in almajiri ya kawo magana, abin da suke fara tambayarsa shi ne, a wane littafi ka gani, wa ya rubuta shi? Wannan ita ce dukan maganata yau.

Abin Da Ji-ta-ji-ta Ke Jawowa

Bari in ba ku misali daga cikin fanninku. A watan Maris na 1964 aka kashe wata mace mai suna Kitty Genovese a birnin New York na Amurka. Jaridar New York Times ta buga cewa mutum 38 suna kallo, amma babu wanda ya kai mata ɗauki. Daga nan labarin ya shiga littattafan koyar da ilmin halayyar ɗan Adam, wannan marubuci ya kwafa daga wancan, ana ba da shi misali na yadda taron jama'a ke yin ko oho da wanda ke cikin wahala. Sai a 2007, bayan shekara 43, wasu masana uku a Ingila suka koma ga takardun shari'ar da aka yi, suka tarar babu wata shaida da ta nuna mutum 38 sun tsaya suna kallo. Waɗanda suka ga wani abu 'yan kaɗan ne, kuma babu wanda ya ga abin tun daga farko har ƙarshe. A 2016 ita kanta jaridar ta yarda cewa an zuzuta labarin. Ku duba yawan ɗaliban da suka rubuta wannan magana a jarrabawa, aka ba su maki, alhali kuwa takardun suna nan a ajiye, ba wanda ya je ya buɗe.

Kada ku ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Wanda ya karanta ilmin duwatsu in ya yi kuskure, dutse ba ya kuka. Ku kuwa mutane za a damƙa muku: yaron da ya kasa karatu a firamare, matar da damuwa ta kama bayan haihuwa, saurayin da ƙwaya ta ɓata wa hankali, iyalin da rikici ya raba da gonarsu. Abin da kuka karanta a yau, shi za ku aikata a kansu gobe.

Mataki Na Farko: Tsai Da Tambaya

Ɗalibai da yawa sukan shiga laburare suna neman "wani abu a kan damuwa". Wannan kamar mutum ya shiga tashar mota ne ya ce a kai shi Arewa. Tilas ne ka ƙuntata tambayarka kafin ka taɓa littafi. Maimakon damuwa gaba ɗaya, sai ka ce: fargabar jarrabawa tsakanin 'yan matan ajin ƙarshe na sakandare a Lafiya da Doma. Yanzu ka san su wa kake nufi, da wane abu, da wane wuri. Sa'an nan ka rubuta muhimman kalmomin tambayar a takarda, kowace da 'yan'uwanta masu ma'ana ɗaya, domin kalmar da ka sani ba lalle ne ita marubucin ya yi amfani da ita ba. Da yake yawancin littattafan fannin da Turanci suke, ka duba ƙamus na musamman na fannin don ka tabbatar da sunan da masana ke kiran abin. Sau da yawa abin da muke kira da kalma ɗaya a Hausa, kamar damuwa, su sun raba shi gida uku ko huɗu.

Mataki Na Biyu: Sanin Unguwannin Laburare

Laburare gari ne mai unguwanni, kowane littafi da lambar gidansa a rubuce a gadon bayansa. Yawancin jami'o'in Nijeriya suna bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda ke amfani da haruffa. A wannan tsari ilmin halayyar ɗan Adam yana ƙarƙashin BF. Amma kada ka tsaya nan. Littattafan da suka shafi yadda yara ke koyo suna ƙarƙashin LB, na ciwon taɓin hankali da maganinsa kuwa suna cikin RC tare da littattafan likitanci. Laburaren jama'a da na makarantu sun fi bin tsarin Dewey, wanda aka fara bugawa a 1876, shi kuwa lambobi yake amfani da su: 150 ilmin halayyar ɗan Adam, 370.15 halayyar mai koyo, 616.89 ciwon taɓin hankali. Ɗalibin da ya san BF kaɗai, ya bar rabin dukiyarsa a wasu kantoci bai sani ba.

Jerin sunayen littattafai, ko na kati ne a cikin aljihun tebur ko na kwamfuta, ta hanya uku ake bincikarsa: sunan marubuci, sunan littafi, ko batun da ya ƙunsa. In ka sami littafi guda mai amfani, ka duba na damansa da na hagunsa a kan kanta, domin maƙwabtansa ne a batu. In kuwa ka rasa hanya, ka tambayi ma'aikacin laburare. Ba mai gadin littattafai ba ne, mutum ne da ya yi karatun wannan aiki musamman. Da ɗan gari akan ci gari.

Mataki Na Uku: Daga Littafi Zuwa Mujalla

Littafin aji ƙofa ce kurum. Ainihin bincike a mujallun masana ake buga shi, inda sai wasu masana sun tantance maƙala kafin a yarda ta fito. In littafi ya ce wani ya gano abu kaza, ka juya ƙarshensa ka ga inda aka buga binciken, ka nemo shi ka karanta da kanka. Tun 1927 masana a Amurka suka fara tattara taƙaitaccen bayanin maƙalun wannan fanni a cikin Psychological Abstracts. An daina buga shi a takarda a 2006, aikin ya koma rumbun intanet mai suna PsycINFO. Don maƙalun da aka rubuta a Afirka akwai African Journals Online, wanda aka fara a 1998. Akwai kuma shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda tun 2002 yake buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa mujallun kiwon lafiya kyauta ko da rangwame. Ku tambayi laburarenku waɗanne rumbuna ya yi rajista da su. Kada kuma ku manta da kundayen da ɗaliban da suka gabace ku suka rubuta, domin a cikinsu ne aka fi samun binciken da aka yi a kan mutanenmu.

Mataki Na Huɗu: Tambayoyi Huɗu

Duk takardar da ta zo hannunka, ka yi mata tambaya huɗu.

Ta farko, wa ya faɗa? Babban suna ba ya hana kuskure. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin wani likitan zamanin mulkin mallaka, J. C. Carothers, wanda yake ganin cewa da wuya ciwon baƙin ciki mai tsanani ya kama baƙar fatar Afirka. Ɗan ƙasarmu, Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda ya fara shirin jiyyar masu taɓin hankali a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, bai karɓi irin wannan ra'ayi ba. Shi da abokan aikinsa daga Jami'ar Cornell suka shiga ƙauyukan Yarbawa suka bincika, suka buga sakamakon a 1963, ya nuna cewa alamun wannan ciwo suna nan tsakanin mutanenmu kamar sauran 'yan Adam.

Ta biyu, yaushe aka faɗa? Tsohon littafi zai gaya maka cewa dokar masu taɓin hankali ta 1958 ita ce ke aiki a Nijeriya. An shafe ta, domin a watan Janairu na 2023 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa.

Ta uku, a kan su wa aka yi binciken? A 2008 wani masani mai suna Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallu shida na fannin, ya tarar kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi binciken a kansu 'yan Amurka ne, kashi 96 kuwa daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu suke, ƙasashen da mutanensu ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na jama'ar duniya ba. Saboda haka abin da aka gano a kan ɗaliban wata jami'a a Amurka, ba dole ne ya dace da ɗan Eggon ko ɗan Alago ko Babarbaren Lafiya ba, sai an gwada an gani.

Ta huɗu, an sake gwadawa? A 2015 masana da yawa suka haɗu suka maimaita bincike 100 da aka riga aka buga a manyan mujallu. Wajen kashi 36 cikin ɗari kaɗai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Bincike guda ɗaya shaida guda ce, alƙali kuwa ba ya gaggawar yanke hukunci da ita.

Waɗannan tambayoyi sun fi wajaba a kan abin da ke zuwa ta wayar hannu. Manhajojin zamani masu amsa tambaya suna da amfani, amma an sha kama su suna ƙaga sunan marubuci da sunan maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba. Duk madogarar da na'ura ta ba ka, kada ta shiga kundinka sai ka nemo ta ka gan ta.

Mataki Na Biyar: Riƙon Amana

Tun ranar farko ka tanadi littafin rubutu ko ƙananan katuna. Duk abin da ka karanta, nan take ka rubuta sunan marubuci, da shekara, da sunan littafi ko mujalla, da lambar shafi. Ka bambanta maganar da ka kwafa kalma da kalma da wadda ka faɗa da bakinka. Ɗaukar maganar wani ba tare da ambaton sunansa ba sata ce, tana kuma iya jawo wa ɗalibi kora ko a ƙwace masa digiri. Haka nan wanda ya yage shafi daga littafi, ko ya ɓoye shi a wata kanta don kada abokansa su samu, ya ci amanar duk waɗanda za su zo bayansa.

Gwamnatin Tarayya ta yi nata. Ta kafa Laburaren Ƙasa a 1964, kuma Doka ta 29 ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi a Nijeriya ya ajiye kofi 3 a can, gwamnatin jiha kofi 10, ta tarayya kofi 25, don kada ilmin ƙasar nan ya salwanta. Asusun TETFund kuma yana ba manyan makarantun gwamnati kuɗin sayen littattafai da mujallu. Wannan dukiyar jama'a ce, da harajin da ake biya aka tara ta. Abin da ya rage naku ne.

Ina roƙon kowannenku, kafin makon nan ya ƙare, ya zaɓi magana guda daga littafin ajinsa, ya bi sawunta har ya kai ga wanda ya fara faɗinta, ya ga ko abin da aka ce ya faɗa shi ya faɗa. Ina kuma roƙon iyaye da malaman da wannan ɗan littafi zai kai gare su, su riƙa yi wa 'ya'yansu tambayar nan ta malaman zaure: a ina ka gani?

Allah ya ba ku ilmi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.