Sunan Wa Rediyo Take Kira? Jawabi ga Makiyaya da Fataken Shanu a Brikiteri, Yawunde

 

Jama'a, mu makiyaya mun daɗe da rediyo. BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007. Kowace ƙasa kuɗi take kashewa don a ji sunanta a kunnenmu. Manyan ƙasashe har ma'aikata gare su masu ƙidaya sau nawa aka ambace su, da alheri ko da sharri. Mu da muke ƙirga garke safe da yamma, ba mu taɓa ƙirga labari ba.

Ku duba Afirka ta Tsakiya. A 2013 da 2014 'yan'uwanmu suka tsallako ta Garwa-Bulai, da yawa ba ko saniya ɗaya. Da Rashawa suka sauka Bangi a 2018, sai hira ta koma Rasha da Faransa, wa ya shiga, wa ya fita. Wanda aka kwashe wa shanu ya dawo ƙarshen labari.

Ku duba Mali. A watan Maris na 2022 gwamnati ta dakatar da rediyon Faransa. A ƙarshen watan nan aka yi kisan Mura, wanda ya fara ranar kasuwa. Sai a Mayun 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe aƙalla mutum 500, gwamnatin Mali kuwa ta ƙi yarda da rahoton. Burkina Faso ta rufe wannan rediyo a 2022, Nijar a 2023. Muryar Amurka kuma masu ita ne suka dakatar da ita a Maris na 2025. Duk tashar da ta yi shiru, kunne ɗaya muka rasa.

Wannan ya shafi aljihunmu. Bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023 Nijeriya ta rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Bafatake da bai bi labari ba, a bakin shinge ya sani. Mu ma shanunmu kafin su iso karar Etudi sai sun ratso hanya mai nisa daga Cadi da Ngaundere.

To ga shawararmu. Kowane reshe ya sayi littafi, ya ba yaro mai karatu. Kullum ya rubuta abu huɗu: tashar da aka saurara, ƙasar da aka fi ambata, ko an yi maganar makiyaya, da kuma ko an ji muryar makiyayi da kansa. Ƙarshen wata a kawo ofis mu haɗa. Tashar da take kiranmu ɓarayi ba ta tambaye mu ba, mu aika mata takarda da ranaku a rubuce. Labarin da ya zo ta waya kuma kada a sayar da sa a kansa sai an ji shi a tasha biyu.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Allah ya kare mu da dukiyarmu, ya ba mu zaman lafiya. Wassalam.