Binciken Muhalli Kafin a Kawo Mota Mai Rushe Gini: Jawabin Sakataren Ƙungiya a Taron Wata

 

Kowa ya ji maganar da ke yawo cewa ƙaramar hukuma za ta sake gina kasuwa, ta mai da tasha bakin titi, ta kuma haƙa babbar kwata ta bayan unguwa. Wasu har sun fara neman inda za su kai kayansu. Ku dakata tukuna. Akwai doka a kan irin wannan aiki, ita nake so in yi muku bayani.

A shekarar 1988 aka kawo shara mai guba daga Italiya aka zube a garin Koko, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. Wannan ya sa gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli a wannan shekara, sannan a 1992 aka yi doka mai lamba 86. Dokar ta ce duk wanda zai yi babban aikin da zai taɓa ruwa da iska da ƙasa da zaman mutane, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, sai an fara bincike an rubuta rahoto. Ba ta ware ƙaramar hukuma ba. Akwai ayyukan da dole a yi musu cikakken bincike, kamar gina sabon gari ko rukunin gidaje mai faɗin kadada 50 ko fiye. Ƙananan ayyuka kuwa ma'aikatar muhalli ce ke dubawa ta faɗi irin binciken da ya kamata. Saboda haka tambayarmu ta farko ga ciyaman ita ce: an kai wannan aiki ma'aikatar muhalli, kuma me ta ce?

To, ga inda maganar ta shafe mu. Idan aka gama cikakken rahoto, ana ajiye shi kwana 21 na aiki domin jama'a su karanta, yawanci a ma'aikatar muhalli ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukuma. Ana sanarwa a jarida da rediyo. Amma wa a cikinmu ke bin ƙaramar sanarwa a jaridar Turanci? Kwanakin nan sai su wuce, a rubuta cewa babu wanda ya yi ƙorafi. Ku kuma sani mai aikin ne ke ɗaukar masu binciken, shi ke biyansu. Ni ban ce za su yi ƙarya ba, amma mutumin da ya zo unguwa da rani ya yi wuni biyu bai san inda ruwa ke kwanciya da damina ba. Mu muka sani. Mu muka san rijiyar da mahauta da masu abinci ke ɗiba, da inda jinin mayanka ke bi, da gidajen da kwata za ta ratsa. Idan ba mu faɗa a rubuce ba, ba zai shiga rahoto ba.

Wani zai ce mu baƙi ne, ina ruwanmu da maganar 'yan gari. Wannan magana ba ta da tushe a doka. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama ko'ina a ƙasar nan, sashe na 42 ya hana nuna bambancin ƙabila ko asali, sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko'ina. Kuma Yarabawa maƙwabtanmu ruwan da zai ci mu shi zai ci su, don haka da su za mu tafi, ba mu kaɗai ba.

Maganar diyya kuma kada mu ruɗi kanmu. Dokar Filaye ta 1978 ta sa filin cikin gari a hannun gwamna, shi ne ke da ikon ƙwace shi don amfanin jama'a, ba kansila ba. Abin da ake biya shi ne gini da amfanin da ke kan fili. Ɗan haya ba kasafai yake samun komai ba, kuma da yawanmu haya muke yi. Maroko da aka rushe a Legas a 1990, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni, yawancinsu ba su sami inda aka tsugunar da su ba.

Abin da kwamiti ya yanke shi ne wannan. Za mu rubuta wa ƙaramar hukuma takarda mu nemi taswirar aikin da rahoton, bisa dokar 'yancin samun bayani ta 2011, wadda ta ba su kwana 7 su amsa. Za a buga mana hatimi a kwafinmu. Muna neman matasa huɗu masu Turanci da za su riƙa leƙa sakatariya kowane mako. Mai rasit ɗin rumfa ko na haya ko takardar sayen gida, ya yi hotonta ya kawo ofis kafin Juma'a mai zuwa, ya ajiye ta asali a gida. Iyayenmu mata masu sana'a a bakin kwata, ku ma a rubuta sunayenku. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala a wata takarda sai an karanta masa ita da Hausa.