Yadda Ake Ƙiyasin Kuɗin Gini Tun Ba A Haƙa Harsashi Ba

Jama'a, kowane ɗayanku ya taɓa wuce wani kango a bakin gari, gini ya kai linta ya tsaya, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki, awaki suna kwana ciki. Sau da yawa mai shi ba malalaci ba ne. Ya fara ne bai san iyakar abin da ginin zai ci ba. To, tun da yanzu kun iya karatu da lissafi, ga hanyar da za ku bi ku sani.

Ku tuna, inci 12 su ne ƙafa ɗaya. In aka zana wuri a ƙasa, tsawonsa ƙafa ɗaya, faɗinsa ƙafa ɗaya, shi ake kira ƙafa murabba'i. Ɗakin da tsawonsa ƙafa 12 ne, faɗinsa 10, sai ka buga 12 sau 10, ka sami 120. Wannan shi ne girman ɗakin. In kuwa takardar zanen da aka ba ka da mita aka rubuta ta, kada ka ruɗe: mita murabba'i ɗaya ta yi kusan ƙafa murabba'i 11.

Sa'an nan ka nemi wani wanda ya gama gini irin wanda kake so, a garinku, kwanan nan. Ka tambaye shi abin da ya kashe duka, ka auna gidan daga waje. A ce, don misali kawai, tsawonsa ƙafa 40 ne, faɗinsa 30, watau 1,200, ya kuwa kashe naira miliyan 24. Ka raba, kowace ƙafa ta tashi naira 20,000. Kai naka 30 ne sau 30, watau 900. Ashe kana bukatar miliyan 18. Ka ɗora kashi ɗaya cikin goma a kai saboda abin da ba a zata ba, ya zama miliyan 19 da dubu 800.

Na ce "kwanan nan" da gangan. Da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin dakon yashi da tsakuwa da siminti ya tashi, farashin da aka yi gini da shi kafin nan ya zama labari.

Amma fa ƙafa ba duka ɗaya ba ce, nan ne mutane suka fi faɗuwa. Ɗauki gini biyu. Na fari ƙafa 20 sau 20, na biyu 10 sau 40. Kowanne 400 ne, ko ba haka ba? To, kewaya su. Bangon na fari ƙafa 80 ne, na biyu 100. Bulo mai inci 9 tsawonsa inci 18 ne, tsayinsa 9. In tsayin bango ƙafa 10 ne, dogon ginin nan zai ci ƙarin bulo kusan 180, ban da siminti da shafe da ladan birkila. Haka kuma ƙananan ɗakuna masu yawa sun fi babban ɗaki ɗaya cin kuɗi, domin kowane bango na tsakiya da ƙofarsa. Madafa da banɗaki kuwa, ko da yake su ne ƙanana, ƙafarsu ta fi ta ko'ina tsada, saboda bututun ruwa da tayil.

Kada kuma ka auna kanti da ma'aunin gida. Jerin shaguna na ƙasa yakan zo da sauƙi, gama bango ɗaya yana raba shago biyu, ba madafa, ba banɗaki a kowanne, sai dai ƙofofin ƙarfe. Amma da zarar ka ce bene, magana ta sake. Harsashi zai ƙara zurfi, ga ginshiƙai, ga rufin kankare mai cin rodi. A nan dole ka nemi injiniya, kada ka yarda magini ya rage rodi don lissafi ya yi daidai da aljihunka. Rayukan mutane ne za su zauna a ƙarƙashinsa.

Saura abu ɗaya, wanda ni kaina na taɓa mantawa da shi har na ci bashi. Akwai abubuwan da ba su shiga awon ƙafa: kuɗin fili, da takardar izinin gini, da rijiya, da ramin masai, da katanga. Fuloti mai ƙafa 50 sau 100 kewayensa ƙafa 300 ne, ya fi kewayen gidan da muka lissafa sau biyu da rabi. Ka rubuta waɗannan a shafi dabam, ka tambayi maƙwabcin nan ko ya haɗa da su cikin miliyan 24 ɗinsa, kafin ka raba.