Alƙalin Wasa a Ƙuryar Ɗaki

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai a Gesse, Birnin Kebbi



Mu mutanen Kabi ba baƙin gasa ba ne, kuma mun san abin da maguɗi yake jawowa. A bikin kamun kifi na Argungu na 2008 an karɓe kyauta daga hannun wanda aka fara cewa shi ya ci, bayan an gane mataccen kifi ne aka kawo daga wani wuri. Kowa ya yaba. Amma a lura, kifin aka bincika. Ba wanda ya ce kowane masunci ya miƙa mabuɗin gidansa kafin ya shiga Matan Fada.

Masu yin wasannin kwamfuta su ma suna fama da 'yan maguɗi, sai dai dabararsu daban ce. Cikin kowace kwamfuta akwai wani sashe da masana ke kira kanel, watau ƙuryar tsarinta. Manhajar da ta zauna can tana iya ganin duk abin da ke gudana, ta kuma tsayar da abin da ta ga dama. Can ne kamfanoni da yawa suke ajiye alƙalinsu, wato manhajar hana maguɗi. Wasan Valorant da ya fito a 2020 ya zo da irin wannan manhaja mai suna Vanguard, wadda takan tashi tare da kwamfuta ko da ba a buɗe wasan ba.

To, ina haɗarin yake? Na farko, cin amana. A 2013 an gano manhajar kamfanin ESEA na Amurka tana haƙar kuɗin bitkoyin a ɓoye da kwamfutocin 'yan wasa wajen 14,000, har jihar New Jersey ta ɗora masa tarar dala miliyan 1. Na biyu, ko kamfani ya riƙe amana, ɓarawo yana iya shiga ta ƙofar da ya buɗe. A 2022 kamfanin Trend Micro ya bayyana cewa masu garkuwa da bayanai don neman fansa sun ɗauki manhajar hana maguɗi ta wasan Genshin Impact, suka kashe riga-kafin kwamfuta da ita kafin su yi ta'asarsu. Na uku, kuskure. A watan Yulin 2024 gyara guda mai lahani daga kamfanin tsaro na CrowdStrike, wanda shi ma a ƙurya yake aiki, ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi.

'Yan'uwa, yawancinmu kwamfuta ɗaya muka mallaka, ita ma sai da iyaye suka yi ɗawainiya. Cikinta kundin bincikenmu yake, da hotunan iyali, da lambobin asusun banki. Anya ya dace a jinginar da wannan duka saboda wasan sa'a biyu?

Ba cewa muke a daina wasa ba. Abin da muke roƙo shi ne, kafin a saka wasa a bincika ko alƙalinsa a ƙurya yake zama. In an gama da wasan, a cire manhajar tare da shi. A ajiye kwafin kundi a wani wuri dabam. Kwamfutar makaranta ko ta aro kuwa, kada a kai mata irin wannan baƙo sam. Sa'an nan mu sani, dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba mu ikon tambayar abin da aka tara game da mu. Kamfanoni kuma su ƙara ƙarfin sa ido daga nasu injunan, inda ake buga gasar.